Wace manhaja za mu saya don bibiyar shari'o'in kamfani da kuɗin lauyoyi?

Tambaya: Wata lauya da ke riƙe da sashen shari'a na wani kamfanin gine-gine a Abuja ta rubuto cewa suna da shari'o'i kusan 40 a kotunan Abuja, Jos da Kaduna, waɗanda suka rarraba wa ofisoshin lauyoyi 6 na wajen kamfanin. Bayanan duk suna cikin Excel da saƙonnin WhatsApp. Shugaban kamfanin ya tambayi nawa aka kashe wa lauyoyi bara, sashen shari'a ya ba da adadi ɗaya, sashen kuɗi ya ba da wani daban. Yanzu an ba ta izinin sayen manhaja, masu talla uku sun zo sun nuna hajarsu, biyu na ƙasashen waje da ake biya da dala, ɗaya ta gida. Wacce za ta ɗauka, me kuma za ta duba?

Amsa: Barista ƙanwata, sannu da aiki, Allah ya ƙara basira. Shawarata ta farko ita ce kada ki sa hannu a kan ko ɗaya cikin ukun nan a wannan watan, ko da an ce miki rangwamen zai ƙare ranar Juma'a. Ciwon da ke damun sashenki yana tsakanin ƙofar kotu da teburinki ne: lauya ya je kotu ranar Talata, an ɗage zama, kuma babu wanda aka ɗora wa nauyin rubuta hakan a wuri guda kafin ranar Alhamis. Amfanin duk manhajar da za ki saya ya rataya a kan abu ɗaya, wato ko za ta sa wannan bayanin ya riƙa shigowa a kan lokaci. Da wannan ma'aunin za ki auna sauran maganar da zan yi.

Ki fara da tantance irin manhajar da aka nuna miki, domin iri biyu ce, kuma masu talla ba kasafai suke bambanta su ba. Akwai wadda aka gina wa ofishin lauyoyi, wato masu karɓar kuɗi. Ita wannan hankalinta na kan wanda ya kawo aiki, lokacin da aka ɓata a kansa, da yadda za a tura masa takardar caji. Clio ta ƙasar Kanada tana cikin wannan rukuni, haka ma yawancin na gida da ake tallatawa a tarukan ƙungiyar lauyoyi. Akwai kuma wadda aka gina wa sashen shari'a na cikin kamfani, wato masu biyan kuɗi irinku. A nan ne za ki ji sunaye kamar Legal Tracker ta Thomson Reuters, CounselLink ta LexisNexis, TeamConnect ta Mitratech, SimpleLegal, Brightflag, da masu sauƙin nauyi irin su LawVu da Xakia. Tambaya ɗaya za ta raba miki su. Ki ce wa mai tallar ya nuna miki yadda za ki ƙi amincewa da layi ɗaya a cikin takardar cajin lauya, ki amince da sauran, lauyan kuma ya ga dalilinki a rubuce. In ya fara kame-kame, to manhajar ofishin lauyoyi ce aka sake wa fenti, ki sallame shi cikin mutunci.

Ko a cikin rukuni na biyun ma akwai abin da ba za a faɗa miki a wurin talla ba. Manyan manhajojin nan an gina su ne a kan yadda lauyoyin Amurka suke caji, wato da awa. Lauya yana rubuta aikinsa a gutsattsarin minti shida-shida, kowane aiki da lambarsa a wani jadawali da ake kira UTBMS, sannan ya turo takardar a wani fasali na kwamfuta mai suna LEDES wanda aka fito da shi tun 1998. Manhajar sai ta bi layi-layi, ta kamo inda lauyoyi uku suka caji zaman taro guda, ko inda aka rubuta aikin akawu da farashin babban lauya. Wannan shi ne zuciyar hajar, shi ne kuma abin da ya sa take da tsada. To ki dubi lauyoyinki shida. Mutum nawa ne a cikinsu ya taɓa turo miki caji na awa? In ban da manyan ofisoshin Legas da Abuja masu aikin cinikin kamfanoni da bashin ƙasa da ƙasa, lauyan ƙara a Najeriya yana yanka kuɗi ne dunƙule, a biya wani kaso a farko, wani in an fara sauraron shaidu, ragowar in an yi hukunci. A kan wannan sai kuɗin halartar kotu na kowane zama, kuɗin mota ko jirgi da masauki in shari'ar tana Jos shi kuma yana Abuja, kuɗin shigar da takardu, da kuɗin kai sammaci. In karɓo bashi ne, wani lokaci kaso yake ɗauka daga abin da aka karɓo. Kamfanin da ya sayi babbar manhajar awa alhali haka ake cajinsa, ya sayi babbar riga ce da aka ɗinka wa wani, zai yi ta jan ta a ƙasa yana kuma biyan kuɗin wanki.

Saboda haka abin da za ki nema a fannin kuɗi daban ne. Kowace shari'a ta zama tana ɗauke da yarjejeniyar kuɗinta: nawa aka yanka, kashi nawa, wane mataki ne ke buɗe kowane kashi, nawa aka biya, nawa ya rage. Sannan kuɗin halartar kotu, wanda a ganina nan ne kuɗin kamfanoni irin naku ya fi zurarewa ba tare da kowa ya yi sata ba. A ce kuɗin zama ɗaya naira 50,000 ne. Ba wanda zai ɗaga kai a kansa. Amma shari'ar da ta shekara biyar ana ɗage ta, rabin zaman ma kotu ba ta zauna ba, ko alƙali yana wani aiki, ko lauyan ɗaya ɓangaren ya aiko da wasiƙa, ko kuma naku lauyan ne ya nemi ɗagewa, za ki tarar kuɗin zuwa ya kusa kamo kuɗin aikin kansa. Manhajar da ta dace da mu ita ce wadda ba za ta bari a shigar da cajin halarta ba sai an ɗaure shi da wata rana ta musamman a kalandar shari'ar, ranar kuma tana da rahotonta: kotu ta zauna ko ba ta zauna ba, wa ya tsaya mana, me aka yi, wa ya nemi ɗagewa, zuwa yaushe, kuma don a yi me. In kika tara wannan na shekara guda, za ki ga abin da babu lauyan da zai rubuto miki da hannunsa, wato a hannun wane ofishi shari'o'inku suke tafiya, a hannun wane kuma suke kwana.

Ina roƙonki kada ki mai da wannan bayanin sandar dukan lauyoyi a kan farashi. Tun 2023 akwai umarnin da ya tsara mafi ƙarancin kuɗin da lauya zai karɓa a kan ayyuka daban-daban, kuma lauyan da aka matse shi ya karɓi abin da bai kai ba, ƙaramin da ya fito makarantar lauyoyi jiya zai riƙa turo muku. Abin da ake nema shi ne a san me aka biya, a kan me. Haka nan manhajar ta riƙa rubuta ranar da takardar caji ta iso hannunku, domin sashe na 16 na dokar aikin lauya ya ba lauya damar kai ku ƙara a kan kuɗinsa in wata guda ya cika da miƙa muku takardar. Na sha ganin takardar caji ta kwanta a tiren wani manaja har lauyan ya yi fushi ya daina zuwa kotu, ba wanda ya sani sai da aka yi hukunci a bayan idon kamfanin.

Batun haraji gajere ne amma shi ne sau da yawa yake haddasa saɓanin da kika gani tsakaninku da sashen kuɗi. Ke kina lissafa abin da lauya ya caja, su suna lissafa abin da ya fita daga banki. Tsakanin biyun akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da aka ɗora tun Fabrairun 2020, da harajin da ake cirewa daga tushe kafin a biya lauya. Dole manhajar ta nuna ukun a rarrabe: asalin caji, abin da aka ɗora, abin da aka cire. Kuma ke da kanki ki iya canza kason ba sai kin kira kamfanin da ya sayar miki ba, tun da an sake ƙa'idojin cirewa daga tushe a 2024, an kuma sa hannu a kan sabbin dokokin haraji a Yunin 2025. Akwai dalili na biyu na saɓanin: kuɗin sulhu da diyyar da kotu ta yanke, wasu akantoci suna zuba su a layi ɗaya da kuɗin lauyoyi. Ku zauna da babban akanta ku raba su tun kafin a kunna kowace manhaja.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi kuɗin lauyoyi haɗari, wato ranaku. Kuɗin lauya in ya yi yawa miliyoyi ne, ranar da aka kuskure kuwa tana iya cin kamfani gaba ɗaya. Kin fi ni kusa da littattafai, kin san cewa wa'adin ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar da ba ta laifi ba kwana 14 ne in hukuncin tsakiyar shari'a ne, wata uku in hukuncin ƙarshe ne. Manhajar waje ba ta san wannan ba. Waɗanda ke lissafa wa'adi da kansu, yawanci dokokin kotunan Amurka aka cusa musu. Saboda haka ki nemi wadda za ki iya dasa mata ƙa'idojinki: da zarar an shigar da cewa an yi hukunci yau, ta ƙirga wa'adin, ta fara tunatar da ke da mataimakinki da lauyan waje, in ba wanda ya amsa ta haura zuwa sama. Tunatarwar da ke zuwa wa mutum ɗaya ba tunatarwa ba ce, domin mutum yana tafiya Hajji, yana jinya, yana barin aiki.

Ki gwada su da lambar ƙara ma. Shari'a ɗaya a ƙasar nan tana canza suna tana tafiya. Ta fara da FCT/HC/CV a Babbar Kotun Abuja da ke Maitama, ko FHC/ABJ/CS a Babbar Kotun Tarayya, ko NICN in rikicin ma'aikata ne, tun da gyaran tsarin mulki na 2010 ya mai da irin waɗannan shari'o'i hannun Kotun Ma'aikata ita kaɗai. In an ɗaukaka sai ta koma CA, in ta kai Kotun Ƙoli ta koma SC. Wani lokaci ma reshe biyu take yi, ana can ana ɗaukaka ƙara a kan hurumin kotu, asalin shari'ar tana jira a ƙasa. Manhajar da ke ɗaukar kowace lamba a matsayin sabuwar shari'a ba za ta taɓa gaya miki nawa rikicin filin nan ya ci tun daga farkonsa ba. Ana son rikici ɗaya, lambar cikin gida ɗaya, lambobin kotu kuma su rataya a ƙarƙashinta ko guda nawa ne. Sai kuma abubuwan da ke faruwa a kotunanmu waɗanda wanda ya rubuta manhaja a wata ƙasa bai yi tunaninsu ba: an ɗaga darajar alƙali ko an yi masa canjin wuri, shari'ar ta koma farko a gaban wani, dogon hutun kotuna daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ko yajin aiki irin na ma'aikatan kotuna daga Afrilu zuwa Yunin 2021, lokacin da ranaku suka zube gaba ɗaya. Dole a samu matsayin da ke cewa shari'a tana raye amma ba ta da rana, kuma manhajar ta riƙa fito da irin waɗannan a saman allo kowane mako. Shari'ar da ba ta da rana ita ce ake mantawa da ita.

Kamfanin gine-gine kuma yana da tabo biyu na musamman. Na farko umarnin ganishi, inda wanda ya yi nasara a kanku yake zuwa kotu ba tare da an ji ta bakinku ba a matakin farko, a ɗaure kuɗinku da ke banki. Doka ta ce a kai muku takardar aƙalla kwana 14 kafin ranar da za a saurara, amma sau da yawa daga bakin manajan banki ake fara jin labari, ranar da za a biya albashi. Don haka duk hukuncin kuɗi da aka yi a kanku ya zauna a jerin kansa, da adadinsa, da kuɗin ruwan da ke hawa, da ko an nemi dakatar da zartarwa. Na biyu bashin da kuke bin wasu. A Abuja shekara shida ce wa'adin kai ƙara a kan yarjejeniya ta yau da kullum, kuma kamfanonin da ke yi wa hukumomi aiki sukan yi ta lallami har lokaci ya ƙure. Manhajar ta karɓi rikicin da bai kai kotu ba tukuna: wasiƙar neman biya, sanarwar niyyar kai ƙara, zaman sulhu, sasanci a ƙarƙashin dokar sasanci da sulhu ta 2023. In sai abu ya samu lambar kotu sannan yake shiga, rabin haɗarinku yana waje.

Duk wannan da na lissafa, wa zai shigar da shi? Nan ne na ce alherin manhaja ya rataya. Masu talla za su nuna miki ƙofar da lauyoyin waje za su riƙa shiga suna rubuta rahoto da kansu. A allo abin gwanin sha'awa ne. A zahiri babban lauya mai riƙe da ofishi ba zai buɗe ta ba, ƙaramin da ya tura kotu ne zai yi, shi kuma yana tsaye a harabar kotu da waya a hannu, intanet na zuwa yana ɗaukewa, akwai wata kotun da ke jiransa ƙarfe goma sha ɗaya. In rahoton zai ci masa fiye da minti biyu, ko sai ya buɗe kwamfuta, ba zai yi ba, zai turo miki saƙon murya a WhatsApp kamar yadda ya saba. Saboda haka ki karɓi wayar mai tallar, ko mafi kyau ki ba shi taki, ki ce a shigar da ɗagewar zama ki gani. Ki tambaya ko lauya zai iya amsa imel kawai rahoton ya faɗa cikin fayil ɗin da ya dace. Ki tambaya ko lauyoyin waje suna cin kuɗin lasisi, kuma wa ke biya, domin wasu daga cikin manyan manhajojin suna cajin ofishin lauyan ne a kan takardun da ya turo, lauyanki na Jos kuwa ba zai biya dala don ya karɓi nairarsa ba.

Manhaja kaɗai ba za ta tilasta kowa ba, wasiƙar ɗaukar lauya ce za ta yi. Ki sa a ciki cewa rahoton zama zai shigo cikin kwana biyu, kuma ba a biyan kuɗin halartar da ba shi da rahoto. Ki haɗa da alƙawari daga ɓangarenku cewa takardar cajin da ta cika sharaɗi za a biya ta cikin kwana 30. Lauyoyi suna karɓar sharaɗi na farko da hannu biyu in sun ga na biyun gaskiya ne. Sannan a cikin gida a samu mutum ɗaya, ko akawu ne ko mai yi wa ƙasa hidima da kuka horar, wanda kowace Juma'a zai bi jerin zaman makon ya kira duk wanda bai turo ba. Kamfanin da ba zai iya ware wannan mutumin ba, ina ba shi shawara ya riƙe kuɗinsa.

Akwai wanda zai zama abokin tafiyarki in kin jawo shi tun yanzu, shi ne babban akanta. Kowace ƙarshen shekara masu binciken kuɗi suna rubuta wa lauyoyinku suna neman jerin shari'o'i da ra'ayinsu a kan kowace. Tun 2012 Najeriya ta fara bin ƙa'idojin lissafi na duniya, kuma wadda ta shafe ki ita ce IAS 37. Abin da take cewa a taƙaice: in ya fi yiwuwa za ku biya kuma ana iya ƙiyasta adadin, a ware kuɗin a cikin lissafi, in mai yiwuwa ne kawai, a bayyana shi a bayanan da ke biye da lissafin, in da wuya ƙwarai, ba sai an ambata ba. To kowace shari'a tana bukatar gurbi uku daban: abin da mai ƙara ya nema, abin da lauyanku yake ganin za a iya yankewa, da wane mataki take cikin ukun nan. Kin san masu ƙara a ƙasar nan, wanda aka rushe wa katanga yana iya neman naira biliyan ɗaya. In adadin da aka nema kaɗai ake nuna wa daraktoci, ko dai su firgita a banza, ko su saba da manyan lambobi har su daina ji. Kuma manhajar ta ajiye tarihin ƙiyasin, wa ya canza shi, yaushe, saboda me. Maganar haɗa ta kai tsaye da Sage ko SAP ko duk abin da sashen kuɗi ke amfani da shi, kada ki bari a sayar miki da ita da tsada a shekarar farko. A shari'o'i 40, ya isa a kafa doka cewa ba takardar biyan da za ta fita zuwa ga lauya sai da lambar shari'a ta cikin gida a jikinta, sannan a daidaita lissafi sau ɗaya a wata.

Farashi kuwa ki lissafa shi na shekara uku, ba na shekarar farko ba. Ki haɗa kuɗin lasisi, kuɗin dasawa, kuɗin kwaso tsofaffin bayanai, horarwa, da ƙarin da za su yi a shekara ta biyu. Sannan ki tuna abin da ya faru da canji. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a kasuwar hukuma, a cikin 2024 ta haura 1,500. Duk sashen da ya ɗaure kansa da biyan dala ya ga kasafinsa ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa ko maɓalli ɗaya ba. In za ki ɗauki ta waje, ki nemi wakili a gida da zai yanka miki farashi da naira na tsawon yarjejeniyar. Ta gida kuma haɗarinta daban ne. Sau da yawa ƙaramin kamfani ne, mutum ɗaya ko biyu ne suka san cikin manhajar, kuma kin san yadda matasan nan masu ilimin kwamfuta suke ficewa waje. Ki tambaye su mutum nawa ke kula da ita, ina suke ajiye kwafin bayanai, yaushe suka taɓa gwada dawo da shi. Ki nemi lambar kamfanoni biyu da suka shekara biyu suna amfani da ita, ki kira lauyan cikin gidansu da kanki, ba wanda mai tallar ya shirya ba in da hali.

Sirri ba abin wasa ba ne a nan. Abin da za ki zuba a ciki ya haɗa da ra'ayin lauya a kan raunin shari'arku, iyakar kuɗin da za ku iya bayarwa a sulhu, da takardun albashi da na asibiti na ma'aikatan da suka kai ku ƙara. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta hau kanku, ta sa sharuɗɗa a kan fitar da irin waɗannan bayanai zuwa wata ƙasa, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 in aka samu ɓarakar da ka iya cutar da mutane. Don haka a rubuta a yarjejeniya a wace ƙasa bayanan suke zaune, da cewa mai manhajar zai sanar da ku nan take in an kutsa. A cikin gida kuma, ba kowa ne zai ga komai ba. Ofishin lauya ya ga nasa shari'o'in kaɗai, akanta ya ga kuɗi ban da ra'ayin lauya, shari'ar da ta shafi wani darakta kuma a iya rufe ta daga idonsa. Kariyar da sashe na 192 na dokar shaida ya ba maganar lauya da wanda yake wakilta ba ta da amfani in kwafin ra'ayin yana yawo a wayar kowa. A samu shiga mai mataki biyu, a samu rajistar da ke nuna wa ya buɗe me, kuma ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki a rufe ƙofarsa a ranar. Wannan rajistar za ta yi miki rana in wata rana kuka bukaci gabatar da abin da ke cikin manhajar a kotu, tun da sashe na 84 na dokar shaida yana neman shaidar cewa kwamfutar tana aiki daidai. Za kuma su yi miki tallar ƙirƙirarriyar basira mai taƙaita takardu. Tana da amfani wajen tsamo ranaku da adadi daga takardar caji, amma ki sa su rubuta cewa ba za a yi amfani da takardunku wajen horar da ita ba, kuma kada wa'adin ɗaukaka ƙara ya taɓa dogara da taƙaitawar da mutum bai karanta asalin hukuncin ba.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Nunin da aka yi muku da bayanan da suka shirya ne, komai a cikinsa tsaf. Ki zaɓi shari'o'i biyar mafi rikici a ofishinki: wadda ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta dawo, wadda aka canza wa lauya a tsakiya, wadda ke da masu ƙara da yawa, ta ganishi, da wadda ba ta da rana. Ki cire sunaye, ki ba kowane mai talla mako biyu, ma'aikacinki ne zai riƙe linzamin kwamfutar ba nasu ba, kuma ki jawo lauya ɗaya na waje, wanda ya fi kowa ƙin kwamfuta. A ƙarshe manhajar ta amsa tambayoyin da shugabanku zai yi ba tare da an koma Excel ba: me ke gabanmu a kotu mako mai zuwa, nawa muka biya kowane ofishi bana, nawa ake bin mu, nawa za mu iya yin asara, wace shari'a ce ta wata uku ba labari.

In kin matsa mini in faɗi inda nake karkata, ga shi. A shari'o'i 40 da ofisoshi 6 masu cajin dunƙule, manyan manhajojin awa sun fi ƙarfin bukatarku. Lokacinsu yana zuwa ne in shari'o'i sun kai ɗaruruwa, kamar na banki ko kamfanin sadarwa, ko kuna biyan lauyoyin Landan da awa. Zaɓinki yana tsakanin mai sauƙin nauyi da aka gina wa sashen cikin kamfani, da ta gida in ta ci jarrabawar da na faɗa. Akwai ma hanya ta uku da ba wanda zai zo ya tallata miki: in kamfaninku yana biyan Microsoft 365, SharePoint da Lists suna cikin abin da kuka riga kuka saya, kuma mai ilimin kwamfuta ɗaya zai iya gina muku rajistar shari'o'i da tunatarwa da ma'ajiyar takardu a kai. Ba za ta yi kyan gani kamar sauran ba, kuma ɓangaren lauyoyin waje zai yi rauni, amma wata shida a kanta zai nuna miki ainihin abin da kuke bukata kafin ku ɗaure kanku da kowa.

Ko wacce kika ɗauka, kada ki sa hannu sai yarjejeniyar ta ce a duk ranar da kuka so za a ba ku bayananku gaba ɗaya, jadawali a fasalin da Excel ke buɗewa, takardu kuma kowace a jakar shari'arta da sunanta, ba tare da ƙarin caji ba, kuma ki sa su yi miki wannan fitarwar sau ɗaya a lokacin gwaji ki buɗe ki gani. Yarjejeniyar farko ta zama ta shekara ɗaya, ba mai sabunta kanta ba.

Kafin duk wannan, ranar Litinin ki rubuta wa ofisoshin nan shida wasiƙa iri ɗaya, kowanne ya turo jerin shari'o'inku da ke hannunsa, lambar ƙara, kotu da alƙali, abin da aka yi a zaman ƙarshe, rana ta gaba, kuɗin da aka yanka, abin da ya karɓa da abin da yake bi. Ki ba su kwana 14. Ki karɓo daga sashen kuɗi duk abin da aka biya lauyoyi a shekara uku da suka wuce, ki ajiye jerin biyu kusa da naki na Excel. Kada ki yi mamaki in kin tarar da shari'ar da aka kora tun bara tana nan a jerinku, ko wata tana gudana a Jos wadda ba ta cikin jerin kowa a Abuja. Jerin da kika tace daga ukun nan shi za a zuba a manhajar, kuma shari'o'i biyar na gwajin daga cikinsa za ki tsamo su.